Mutumin da Ya Zaci Ya Kashe Muguwar Zuciyarsa

An yi wani mutum a nan garinmu na Antwerp, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ku dattawan da ke zaune a gaba, waɗanda kuka san shi, ina roƙonku ku bar sunan a cikinku.

Aikinsa duba abincin jama'a. Shi ke shiga mahauta da gidajen burodi da madafar biki, ya tabbatar duk abin da zai shiga bakin Bayahude ya bi ƙa'idar shari'armu. In ya ce a ci, a ci. In ya ce a zubar, a zubar. Ba a taɓa jin ya karɓi toshiyar baki ba, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da ƙuruciyarsa mutum ne mai zafi. Ga saurin fushi, ga son ci, ga son a yabe shi. Ya san halinsa, ya kuma tsane shi, sai ya ɗaura yaƙi da kansa. Ya kama azumin Litinin da Alhamis. Ya daina sa sukari a shayi. Ya daina dariya da ƙarfi. In yana tafe a kan kekensa, idonsa ba ya barin ƙasa.

Da shekaru suka tura, ya je wurin tsohon malaminsa, Reb Zundel, ya tarar da shi yana cin kifi mai gishiri da baƙin burodi. Ya zauna ya shaida masa cewa ya yi nasara: yetsar hara, wato muguwar zuciyar nan da ke ja mu zuwa ga ɓarna, shi dai ya kashe tasa. Ba ya jin kwaɗayi, ba ya jin fushi, ba ya neman girma.

Reb Zundel ya goge gemunsa ya ce, "Ka kashe ta? To a ina ka binne ta, ɗana, in zo ta'aziyya?"

Mutumin bai yi dariya ba. Tsohon ya ture faranti, ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce ba a ba ɗan Adam ikon kashe ta ba, an dai ba shi ikon juya ta. Ya ce wanda ya ga tasa ta yi shiru, to ya ƙara tsaro, don wataƙila kaya kawai ta canza. Mutumin ya yi godiya ya fita, yana cewa a ransa tsufa ya sa malam ya yi sanyi.

Ya 'yan uwa, mu tsaya a nan kaɗan. Mu ba mu yarda akwai wani mai iko a waje da ke ja da Mahalicci ba. Ubangiji ɗaya ne, ba shi da abokin hamayya. Shi ya halicce mu da zuciya mai ja biyu, ɗaya zuwa alheri, ɗaya zuwa son kai, kuma duka biyun daga hannunsa suka fito. Malamanmu na dā sun nuna mana cewa ba don wannan zafin ba, da ba wanda zai yi aure, ba wanda zai kafa gida, ba wanda zai tashi da sassafe neman abinci. Ba zafin ne mugunta ba. Mugunta tana zuwa ne sa'ad da zafin ya karɓe linzami, mai shi kuwa yana rantsuwa cewa shi ke riƙe da shi.

Mutumin nan yana da aboki ɗaya, Anshel mai gidan burodi. Tun suna yara tare suke karatu, kuma har suka yi furfura ba su bari ba. Kowace safiya bayan addu'a sukan buɗe littafi ɗaya a kusurwar majami'a su yi ta gardama, har mai shara ya kore su. Anshel ƙato ne, gemunsa kullum da gari, dariyarsa ana jin ta daga titi. Ba ya ɓoye rauninsa. Yakan ce tasa muguwar zuciyar ta fi shi ƙiba, shi ya sa ya ba ta aiki: tunda tana son a yaba mata, sai ta gasa burodin da ya cancanci yabo. Ran Juma'a kuwa, tuƙaƙƙen burodin Asabar, ranar hutunmu, wanda ya fi kyau ba ya hawa kanta. Gidajen zawarawa yake tafiya.

Wata shekara, dattijon da ke busa mana ƙahon rago a Sabuwar Shekara numfashinsa ya gaza. Shugabannin majami'a suka zauna suka zaɓi Anshel. Ba wanda ya san cewa mai duba abincin ya daɗe yana koyon busa a ɗakin ƙasa na gidansa, yana jiran wannan rana.

Ya kama hannun Anshel ya taya shi murna a gaban kowa. Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa Tsirel ta tambaye shi ko zancen ƙahon ne ya taɓa shi. Ya ce irin wannan ya daina taɓa shi tuntuni.

Kun ga inda ya faɗi? Ba a hassadar ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin ƙirjinsa ya ɗaure ba sa'ad da aka ɗaga abokinsa? Da ya ce wa matarsa, e, ya yi mini zafi, da ta ba shi haƙuri, da ya kai abin gaban Mahaliccinsa, da ya wuce. Amma mutumin da ya shelanta cewa ya kashe abu, ta yaya zai yarda ya ga abin yana motsi? Sai ya rufe ido. Ita kuwa muguwar zuciyar ta ci gaba da aikinta ba mai kallo.

Ana cikin watan Elul, wanda daga shi sai Sabuwar Shekara, kamar yadda muke yanzu, zagayen aikinsa ya kai shi gidan burodin Anshel. A ɗakin ajiya, bayan buhunan fulawa, ya ga wani bokitin kitse wanda babu hatiminmu na shaidar halas a jikinsa. Anshel ya biyo shi yana goge hannu, ya ce direban mota ne ya sauke shi da safe bisa kuskure, na wani gidan burodi ne a ƙarshen titi, ya riga ya buga waya, za su zo ɗauka da rana. Mutumin ya sunkuya ya duba. Murfin a liƙe yake yadda ya fito daga masana'anta. Ba a taɓa shi ba. Ya gani da idonsa, ya shafa da yatsansa.

Ya miƙe ya ce, "To." Anshel ya miƙo masa burodi mai zafi, shi kuwa ya ce yana azumi, ya fita.

Me ya kamata ya yi? Kowa a nan ya sani. Ya ce a fitar da bokitin waje yanzu, ya gargaɗi abokinsa su biyu, zance ya ƙare.

Amma a hanyarsa ta gida wata murya ta fara yi masa magana. Kada ku zaci ta ce masa je ka hallaka Anshel. Da haka ta ce, da ya gane ta nan take, ya tofar. Ba ta ambaci ƙaho ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi, amanar jama'a ce a wuyanka. Cewa ta yi, da wani ne ba abokinka ba, za ka yi shiru? Ko son kai ne ya sa kake so ka rufa masa asiri? Cewa ta yi, yau a rufe ka gan shi, wa ya san na jiya? Kafin ya jingine kekensa a ƙofar gida, ya riga ya gamsu cewa sadaukarwa ce zai yi, zai fifita Allah a kan abota. Har tausayin kansa ya ji.

Washegari bayan addu'ar safe, mutane na naɗe mayafansu na addu'a, ya bugi teburin karatu da tafin hannu. Kowa ya juyo. Ya ce, "Jiya na ga kitsen da ba namu ba a ɗakin ajiyar Reb Anshel. Na faɗa muku, na fita haƙƙinku."

Jini ya bar fuskar Anshel, ta yi fari kamar garin da ke gemunsa. Ya ce a hankali, "Ɗan uwa, faɗa musu sauran."

Mutumin ya ce ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Reb Zundel ya dogara da sandarsa ya matso ya tambaye shi ko murfin a buɗe yake. Ya amsa cewa abin da aka ɗora masa dubawa hatimi ne, hatimi kuwa babu.

Ku lura, ya 'yan uwa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a duk abin da ya faɗa. Rabin gaskiya ya ɗauka, ya bar rabin a ɗakin ajiya. Malamanmu kuwa sun ɗauki kunyata mutum a bainar jama'a daidai da zubar da jininsa, kuma duk wanda ya ga fuskar Anshel a safiyar nan ya fahimci dalili.

Malaman shari'a suka bincika. Direban ya amsa kuskurensa. Aka ce burodin Anshel halas ne, kowa ya ci. Amma magana ta riga ta shiga gidaje. Mata suka ce ba su ce ya yi ba, sai dai wa zai yi kasada da teburin Sabuwar Shekara? Maza suka ce mutum mai tsantseni irin wannan ba zai tashi ya yi magana haka kawai ba. Kada mu wanke kanmu. Mutum ɗaya ne ya faɗa, amma mu ne muka ɗauka muka raba. Shugabanni suka ce don kauce wa surutu, bana a ba wani ƙahon. Wa za a ba, in ba wanda ya nuna kishin addini ba?

Aka ba mutumin, ya busa. An ce ba a taɓa jin sauti mai tsabta irin nasa ba. Mutane suka yi kuka.

Ranar jajibirin Kaffara, babbar ranar azuminmu ta neman gafara, sa'ad da kowa ke bin gidaje yana neman gafarar ɗan uwansa kafin a shiga azumi, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Anshel ne, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce ya zauna ya yi tunani, ya ga wataƙila barkwancinsa ya sha ɓata wa abokinsa rai a shekarun nan bai sani ba, don haka ya zo a yafe masa. Ya gama, bai tafi ba. Ya tsaya a kan matakala yana kallonsa, yana jira.

Mutumin ya ce, "Na yafe maka da zuciya ɗaya. Allah ya rubuta mu cikin masu rai." Ya mai da ƙofa.

Tsirel na tsaye a bakin madafa, ta ji komai. Ta ce, "Ba gafara ya zo nema ba. Hanya ya zo ba ka, ka ƙi bi."

Ya ce mata ba ta san shari'a ba. Ya sa farar rigarsa ya tafi majami'a. Ya yi azumi, ya bugi ƙirji, ya lissafa zunubai tare da jama'a, hawaye na zuba. Amma kun san abin da aka koya mana tun muna yara: ranar nan tana wanke abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, ba ta wanke abin da ke tsakanin mutum da ɗan uwansa sai ya je ya same shi. Ya fito da azuminsa, laifinsa yana nan inda ya bar shi.

Kafin shekara ta zagayo, gidan burodin Anshel ya rufe. 'Yarsa da aka yi wa baiko da wani saurayi ɗan Manchester, dangin saurayin suka janye cikin ladabi. Anshel ya koma ɗan ƙwadago a tandar wani. Bai daina zuwa majami'a ba, amma ya koma zama can baya kusa da ƙofa, kuma ba a ƙara jin gardamar nan ta safe a kusurwa ba.

Shi kuwa mutumin tsanani ya ƙaru masa. Masu dafa abincin biki suka riƙa rawar jiki in sun hango hularsa. Abin da shari'a ta sauƙaƙa, shi ya ƙuntata. Ya shigo da abin har gidansa, ya riƙa buɗe tukwanen matar da ta yi shekaru tana ciyar da shi. Wata Juma'a ya zubar mata da miyar kaza gaba ɗaya saboda cokalin da yake shakka. Me ya sa? Domin wanda ya cuci wani da sunan addini, ya kuma ƙi amsawa, dole kullum ya nemo sabuwar hujja da zai nuna wa kansa cewa lallai don addinin ya yi. In ya sassauta wa mutum ɗaya, sai ya tuna wanda bai sassauta wa ba.

Tsirel ta tafi London taya 'yarsu jego, ta ƙi dawowa. Da ya matsa mata ta waya, ta ce za ta dawo ranar da ya je wurin Anshel. Ya ce a ransa zai je, amma ba a ƙarƙashin umarnin mace ba. Wata shekarar ya ce bari ƙura ta lafa. Wata kuma ya ce ai abin ya daɗe, tayar da shi ma ƙarin ciwo ne.

Wani hunturu, zuciyar Anshel ta tsaya yana bakin tanda. Muka kai shi makabartarmu ta Putte, can ƙetaren iyaka. Mutumin na cikin masu rakiya. Ya karɓi shebur ya zuba ƙasa kamar kowa, ya koma bakin aikinsa.

Da Sabuwar Shekara ta zo, ya hau gaban jama'a, ya yi albarka, ya kai ƙahon bakinsa. Iska kawai ta fito. Ya sake, haka nan. Ya sake. Idonsa ya kai can baya kusa da ƙofa, inda kujerar take ba kowa, hannunsa ya sauka. Wani ya karɓa ya busa. Jama'a suka ce tsufa ne.

Shi ya san ba tsufa ba ne. Da biki ya wuce ya tafi wurin Reb Zundel, wanda a lokacin ba ya iya tashi daga gado. Ya tsaya a gefensa ya ce, "Murfin a liƙe yake. Na gani, na taɓa."

Tsohon ya ce ya sani. Ya ce shi ma yana da nasa hisabin, don ya tambaya sau ɗaya ya ƙyale, alhali ya kamata ya tsaya a kai har gaskiya ta fito. Ya ce amma tuba ba a yi wa wani, kowa nasa yake yi. Ya gaya masa abin da shari'a ta tanada ga wanda ya makara: ya tara maza goma, ya je kabarin, ya tuɓe takalmi, ya faɗi laifinsa da baki. Ya kuma sanar da matar mamacin.

Suka tafi da hantsi ana yayyafi. Breindel, matar Anshel, ta zo ta tsaya nesa kaɗan da mazan. Mutumin ya tuɓe takalmansa ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya fara da cewa, Anshel, idan akwai abin da na yi wanda ya ɓata maka.

Breindel ta ce, "Cire idan. Idan da amma ne suka kai mijina nan."

Mutumin ya koma farko. Sa'an nan ya faɗa, duka, ba ragi. Ya ce ya ga murfin a liƙe. Ya ce ya ɓoye da gangan. Ya ce ba don Allah ya yi ba, don ƙaho ya yi, don an zaɓi Anshel an bar shi, don mutane na son Anshel shi kuwa tsoronsa kawai suke ji. Ya ce ya yi wa Ubangiji laifi, ya yi wa mutumin da ke kwance a nan laifi. Mazan suka amsa yadda aka saba, an yafe maka. Breindel ba ta ce komai ba, ba kuma wanda ya isa ya ce ta ce. Mutumin ya tsaya ya ci gaba da kallon dutsen kabarin. Anshel da bai taɓa barin magana ta wuce ba amsa ba, yau babu amsa.

Mutumin ya ajiye aikinsa a makon. Tsirel ta cika alkawari ta dawo, amma jikinta ya riga ya gaji, ba ta daɗe ba ta rasu. Ya ƙarasa kwanakinsa a gidan tsofaffi. Waɗanda suka ziyarce shi sun ce ya yi laushi, ba ya tsawata wa kowa, yana gode wa mai kawo masa shayi. Tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya zauna kusa da shi: kana ganin ya ji ni?

An karɓi tubarsa? Wannan ba nawa ba ne. Mun yi imani ƙofar komawa ba ta rufuwa ga mai rai, kuma wanda ya dawo da karyayyar zuciya ba a kora shi. Amma tubar ba ta buɗe shagon ba. Ba ta mayar wa yarinyar nan baikonta ba. Ba ta ƙara wa Anshel kwana ɗaya ba.

Ya 'yan uwa, ina muguntar take a labarin nan? Mutumin bai ci haram ba, bai keta Asabar ba, bai yi sata ba. Son girma ne kawai, irin wanda ke cikin kowannenmu, wanda ya ƙi kiransa da sunansa har ya sa rigar tsoron Allah ya fito. Wannan ita ce mafi haɗari, don mai shan giya ya san yana sha, amma mai cutar da mutane don addini yana jiran lada ne.

To yaya ake cin nasara a kanta? Ba da yunwa kaɗai ba, mun ga inda yunwa ta kai shi. Da farko ka yarda tana nan. Ka ce ina hassada, ina jin haushi, ina so a gan ni. Bayan haka ka ba ta aiki. Mai son suna ya nemi suna wajen ciyar da mabukata. Mai zafi ya kai zafinsa kan karatu. Mai kaifin ido ya fara da kansa. In kuma ka ji wani kyakkyawan aiki yana yi maka daɗi fiye da kima, alhali wani zai kwana da kuka saboda shi, ka tsaya ka tambayi kanka muryar wa kake ji.

Saura kaɗan mu ji ƙaho. Kusan kowa a ɗakin nan akwai mutumin da ya faɗo masa a rai tun ina magana. In mutumin yana da rai, kun fi mai labarin nan arziki. Ku je ku same shi yau, yana iya amsa muku. Kada ku ce idan.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin da muka sani, ya ƙara kiyaye mu daga wanda muke zaton alheri ne. Ya haɗa ja biyun da ke cikin zukatanmu su bauta masa tare. Ya ba mu ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofa tun akwai mai buɗewa. Mu ce amin.